Katsewar intanet a Abijan: Gida biyu maganin gobara, in ba danga ɗaya ta haɗa su ba

Masu iya magana sun ce gida biyu maganin gobara. Wannan karin magana ce yawancinmu mazauna Abijan muka riƙe a harkar sadarwa, shi ya sa da wuya ka tarar da ɗan kasuwa a Adjame ko Treichville da ba shi da layi biyu ko uku a wayarsa ta salula, wannan ya fara da 07, wancan da 05, ɗayan kuma da 01. To amma abin da ya faru ranar Alhamis 14 ga watan Maris na shekarar 2024 ya nuna mana cewa maganar tana da sharaɗi, domin kuwa idan danga ɗaya ce ta haɗa gidajen biyu, wutar da ta ci na farko ba za ta ƙyale na biyu ba.

Idan mai karatu bai manta ba, a makon farko na azumin watan Ramalana ne, wata guda kacal bayan shagalin cin kofin Afirka da aka yi a filin wasa na Ebimpe, aka wayi gari intanet ta ɗauke a kusan dukkan ƙasar Kwaddibuwa. Ƙungiyar NetBlocks mai sa ido kan zirga-zirgar intanet a duniya ta ce a safiyar ranar abin da ya rage yana aiki a ƙasar nan bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, a yayin da Benin ta sauka zuwa kashi 14, Laberiya 17, Gana kuma 25. A Nijeriya ma sai da wasu bankuna suka nemi afuwar abokan hulɗarsu saboda tsayawar aiki.

A nan unguwarmu ta 220 Logements kuwa, ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Waya tana nuna rezo a cike, amma saƙon WhatsApp ya ƙi fita. Mai jiran hoton takardar motar albasa da ta taso daga Galmi ya yi ta jira, mai son aika kuɗin cefanen azumi gida Tawa ko Maraɗi ko Kano ya yi ta zarya tsakanin rumfunan tura kuɗi, masu sayar da tikitin Wi-Fi a lungu kuma suka wuni suna ba matasa haƙuri.

Musabbabin abin yana can ƙarƙashin teku. Kusan duk wani saƙo da ke fita daga ƙasar nan zuwa Turai da Amurka yana bi ne ta cikin wasu wayoyi na zaren gilashi da aka shimfiɗa a ƙasan tekun Atilantika. Huɗu daga cikinsu suka yanke a rana guda daura da gaɓar Abijan, wato SAT-3 da ke aiki tun farkon shekarun 2000, da WACS da ACE da suka soma aiki a 2012, sai kuma MainOne da reshenta ya iso Abijan a 2019. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin ruwa, kuma wurin da wayarsa ta yanke ya kai zurfin kusan kilomita 3, inda ƙugiyar jirgi ko komar masunta ba ta kaiwa. Masana sun fi kyautata zaton zaftarewa ce aka samu a wani kwazazzabo da ke farawa dab da mashigin Vridi, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna Trou sans Fond, ma'ana rami marar iyaka. Gyara kuwa ya ɗauki makonni, domin jirgin gyara mai suna Leon Thevenin sai da ya taso tun daga Cape Town ta Afirka ta Kudu, ba a kuma kammala ɗinke ta ƙarshe ba sai cikin watan Mayu. Kafin nan kamfanoni sun yi ta karkatar da zirga-zirga ta wasu hanyoyi, shi ya sa rezo ya riƙa dawowa sannu a hankali.

Abin lura a nan shi ne, layukan Orange da na MTN sun faɗi tare, saboda wayoyin da suke dogaro da su wuri guda suka bi. Layin Moov Africa kuwa ya ci gaba da aiki, domin uwar kamfanin, wato Maroc Telecom, tana da tata wayar daban da ta haɗa Kasabalanka da Abijan da Lome da Kwatano da Libreville, wadda abin bai shafa ba. Shi ya sa a kwanakin aka ga dogayen layukan jama'a a ƙofar ofisoshin kamfanin, kowa da katin shaida a hannu yana neman sabon sim. Wannan ba yabo ba ne ga wani kamfani, don gobe yana iya zama wayarsa ce za ta yanke, sauran su tsira. Darasin dai shi ne, yawan layi ba shi ne yawan hanya ba.

Mu kanmu a ɗan gidan rediyonmu na unguwa mun sha wannan darasi. Muna watsa shirye-shiryenmu ta intanet domin 'yan'uwa da ke nesa, saboda haka muka sayi layi biyu daga kamfanoni biyu, muka haɗa su a na'urar rarraba intanet, wadda masu gyara ke kira ruta, da nufin idan ɗaya ya mutu ta koma kan ɗayan da kanta. Ranar da abin ya faru na'urar ba ta ko motsa ba, fitilunta duka kore shar, alhali masu saurare sun daina jin mu tun da safe. Da muka juya ta da hannu zuwa layi na biyu, sai muka tarar shi ma a mace yake. Ashe kurakurai biyu muka yi, na farko a wajen zaɓen layi, na biyu a wajen koya wa na'urar yadda za ta gane layi ya mutu.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan na biyun, don shi ne mutane ba su cika kula da shi ba. Na'urar ba ta san gaibu ba, tambaya take yi ta jira amsa. Tana aika wani ɗan ƙaramin saƙo na sallama zuwa wani adireshi duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, idan an amsa ta ce hanya lafiya. To abin tambaya a nan shi ne, wa take yi wa sallamar? Wasu na'urori ba sa duba komai illa ko waya tana a maƙale kuma akwai sigina. Wasu kuma suna yi wa na'urar kamfani mafi kusa sallama ne kawai. A ranar 14 ga Maris duk waɗannan lafiyarsu ƙalau, eriya tana tsaye, wayar gilashin da ta shigo gida ba ta yanke ba, ɓarnar tana can cikin teku. Kamar direban da zai tafi Yamai ne ya leƙa ƙofar tashar Adjame, ya ga kwalta lafiya lau, ya ce ai hanya a buɗe take, alhali gada ta karye a can gaba.

Don haka wajibi ne sallamar ta yi nisa. Masu gyara sun saba sanya adireshin 8.8.8.8 na kamfanin Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare, kuma hakan ya fi babu. Sai dai su ma akwai abin dubawa, domin irin waɗannan adireshi ana amsa su ne daga wurare da dama a duniya, wanda ya fi kusa shi ke amsawa, ta yadda amsar kan iya zuwa daga kusa alhali hanyar Turai a toshe take. Abin da ya fi shi ne a sanya adireshi biyu ko uku na kamfanoni daban-daban, a haɗa da ainihin wurin da aikinka ya dogara a kai. Mai gidan rediyo ya gwada inda yake tura muryarsa, mai rumfar kuɗi ya gwada inda cinikinsa ke bi. Kuma kowane layi a yi masa gwajinsa ta cikinsa, kada amsar da ta zo ta layi na biyu ta sa a zaci na farko yana da rai.

Bayan haka akwai batun haƙuri da gaggawa. Idan aka ce na'urar ta sauya layi da zarar sallama ɗaya ta faɗi, za ta wuni tana tsalle tsakanin layuka biyu, kuma kowane tsalle yana da hasara, domin sauya layi yana sauya adireshin da duniya ta san ka da shi, sai kiran da ake yi ya yanke, shafin banki ya fitar da kai, shirin da ake watsawa kai tsaye ya tsaya. Idan kuma aka ba ta haƙuri da yawa, sai a yi mintuna ana zaune babu aiki. Tsaka-tsakin da masu sana'ar ke bi shi ne, a bari sallama ta faɗi sau uku zuwa biyar a jere kafin a ƙaura, sa'annan kada a dawo sai layin farko ya jima yana amsawa ba fashi. Haka kuma ba mutuwa kaɗai ake dubawa ba, har da jinya. A kwanakin da suka biyo bayan yankewar wayoyin, layuka sun dawo amma a cunkushe, saƙo yana tafiya kamar motar gbaka a mahaɗar Liberte da yamma. Na'urar da ke tambayar "an amsa ko ba a amsa ba" kaɗai za ta ce lafiya, sai wadda ke auna jinkirin amsa da yawan saƙonnin da suka ɓace a hanya ce za ta gane layin ba ya moruwa. Na'urorin MikroTik da masu sayar da Wi-Fi suka fi amfani da su suna iya wannan aiki, haka ma wasu masu sauƙin kuɗi, matsalar dai ba a cika saita su ba.

Sai kuma abin da ya rataya a wuyan mutum. Layin ajiya da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana da rai ba. Sau da yawa sai ranar buƙata ake tarar da kuɗin cikinsa ya ƙare, ko kamfani ya rufe sim ɗin saboda daɗewa ba a yi amfani da shi ba, kuma Hausawa sun ce ba a fafa gora ranar tafiya. Ya dace ko da sau ɗaya a wata a zare babban layin da gangan a ga abin da zai faru. Ya dace kuma na'urar ta riƙa sanar da mai ita idan ta ƙaura, in ba haka ba sai a yi kwanaki ana cin layin ajiya mai tsada ba a sani ba. A lokacin da ake kan layin ajiya a taƙaita kallon bidiyo, a bar wa aikin da ke kawo abinci hanya. Kada kuma a manta da batir, domin layi goma ba su da amfani idan wuta ta ɗauke na'urar ta mutu.

Wani zai ce ai abu ne da ya faru sau ɗaya ya wuce. Ba haka ba ne. A watan Agustan 2023 wayoyin WACS da SAT-3 sun yanke daura da bakin kogin Kwango. A watan Fabrairun 2024 wasu uku sun yanke a tekun Bahar Maliya, sa'annan a watan Mayun shekarar aka sake samun irin haka a gabashin Afirka, inda Tanzaniya da maƙwabtanta suka ji a jika. Ƙasashen da suka fi samun sauƙi a watan Maris su ne masu wata hanyar ta daban, kamar Togo da Nijeriya da wayar Equiano ta kamfanin Google ta sauka a gaɓarsu a 2022. Gana kuwa ba ta ɓata lokaci ba, a watan Afrilun 2024 ta amince wa kamfanin Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam ya yi aiki a ƙasarta. Ke nan abin da ƙaramin ɗan kasuwa ke buƙata a shagonsa, shi ne ƙasa ke buƙata a gaɓar tekunta.

A nan ne muke ganin akwai aiki a gaban hukumar ARTCI mai kula da harkar sadarwa a ƙasar nan. Talaka ba shi da yadda zai san ta inda layinsa ke bi idan ya bar gari. Ya kamata a wajabta wa kowane kamfani ya bayyana wa jama'a wayoyin teku nawa yake amfani da su, da kuma tanadin da ya yi ta tudu idan sun yanke, a kuma ɗaure su da yarjejeniyar ara wa juna hanya a lokacin larura. Haka nan a ƙarfafa cibiyar musayar intanet ta cikin gida, wato CIVIX, domin babu dalilin da zai sa kuɗin da aka tura daga Adjame zuwa Treichville ya tsaya don waya ta yanke a hanyar Turai.

Ga 'yan'uwanmu masu shaguna da rumfunan tura kuɗi da makarantu da ƙananan gidajen rediyo irin namu, shawararmu ita ce, kafin ka biya kuɗin layi na biyu ka tambayi mai sayarwa ta wace hanya yake fita ƙasar nan, kuma kafin mai gyara ya tafi ka sa shi ya zare layin farko a gabanka ka ga ko na'urar za ta ƙaura. Kwazazzabon nan yana nan inda yake a bakin Vridi, wayoyin kuma an mayar da su cikin tekun. Allah Ya kiyaye na gaba, Ya kuma ba mu ikon yin tanadi tun da sauran lokaci.