Sharhinmu: Rasit ɗin haraji garkuwar mai zaman ƙasar waje

Jama'a, daga Madawa zuwa Buza, daga Keita zuwa Tamaske, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko miji a ƙasar waje. Wasu cin rani suke zuwa su komo da damina. Wasu kuwa sun yi shekaru a Kano, Legas ko Abijan, sun kafa rumfa, sun yi iyali. A kan waɗannan na biyu muke magana yau, domin da yawansu ba su da katin zama mai rai, balle takardar shaidar biyan haraji.

A da ba mu damu ba. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen ƙungiyar mu yi kwana 90 ba biza, wanda zai wuce haka sai ya nemi katin zama. To amma Nijar ta sanar da fita daga ƙungiyar ran 28 ga Janairu 2024, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A lokacin CEDEAO ta ce a ci gaba da barin mutanenmu su shiga su zauna har sai ta sake sanarwa. Wannan alfarma ce, mai alfarma kuwa yana iya janye abinsa.

Dattawanmu ba su manta ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. A Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi haka a Nijeriya. Mutane sun baro rumfuna da bashin da suke bi, sun komo hannu rabbana. Ranar irin wannan, ba a tambayar shekara nawa ka yi a gari, takarda ake cewa ka nuna.

Mu duba Nijeriya, inda mutanenmu suka fi yawa. Sabbin dokokin haraji da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2025 sun fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Duk wanda ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata goma sha biyu, doka na ɗaukarsa mazauni, ko ɗan wace ƙasa ne. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Amma doka ta ce kowane mai sana'a ya bayyana abin da ya samu ga hukumar harajin jahar da yake zaune, ko da ba zai biya ko kwabo ba, kuma ƙarshen Maris ne wa'adi. Takardar shaidar biyan haraji tana duba shekara uku da suka wuce, an kuma daɗe ana neman ta wajen mallakar fili da lasin kasuwanci. Abin da ke buƙatar shekara uku ba a haɗa shi cikin mako ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka abin yake ga 'yan'uwanmu na Amurka. Katin zamansu na shekara goma ne, kuma wajibi ne mai shi ya bayyana duk abin da ya samu kafin 15 ga Afrilu, har da ribar shagon da ya bari a gida. Wanda ya rubuta a takardar haraji cewa shi ba mazauni ba ne don ya rage biya, ana iya ɗaukarsa ya saki zamansa da kansa.

Mun san abin da wasu za su ce: kullum muna biya, ga tikitin kasuwa, ga kuɗin shara, ga na shinge a kan hanya. Gaskiya ne, kuma nauyin ya yi yawa. Sai dai tikitin kasuwa ba ya ɗauke da sunanka, abin da ka miƙa a shinge kuwa ba ya da rasit. Kuɗin da aka biya da sunanka da lambarka shi kaɗai zai tsaya maka gaban jami'in shige da fice ko gaban alƙali.

Don haka shawararmu ita ce: kowa ya sabunta katinsa tun bai mutu ba, ya biya a ofis ko a banki, ya guji 'yan kamasho masu sayar da takardun bogi. Wanda ya yi rajistar rumfa da sunan maigidansa ya gyara. Ku kuma iyayenmu mata, masu fataucin albasa da atamfa da masu jiran saƙo a gida, ku tambayi mazanku da 'ya'yanku ina takardunsu, ku sa su aiko da kwafi a adana cikin akwati.

Muna kira ga ofishin jakadancinmu na Abuja da ƙaramin ofishin Kano su shiga kasuwanni su yi bayani da Hausa. Magadan gari da sarakunanmu na Adar da Gobir su ma su faɗakar da matasa kafin su hau mota. Allah Ya tsare mana mutanenmu, Ya sa albarka a bidarsu.