LIKITA, AJIYE WAYARKA!

Jama'a, Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Shi ya sa macen da ko mijinta ba ta iya kallo ido da ido, idan ciwo ya ci ƙarfinta, za ta kwanta gaban wani yaro sa'an ɗanta ta buɗe masa jikinta, don kawai ya sanya farar riga. Wannan kuwa amana ce. To, yau ina da ƙorafi a kan masu cin wannan amana da wayar salula, kuma ba zan yi shi da rarrashi ba.

A damina da ta wuce muka kai wata 'yar gwaggona wani asibiti a wannan yanki namu na Dutsin-Ma da Kurfi, haihuwa ta zo mata da gardama. Allah ya sauke ta lafiya. Kwana biyu ba a yi ba sai ga hotonta yana yawo a WhatsApp, wata ɗaliba da ke koyon aiki ta ɗauka ta liƙa, wai tana godiya ga Allah da ta karɓi haihuwarta ta farko. Ta rufe fuskar da wani zane, gaskiya ne. Amma ba ta rufe lallen ƙafa ba, ba ta rufe atamfar da dukan dangi suka yi ankon biki da ita ba, ga kuma ranar da sunan gari a rubuce. Kafin ranar suna dangin miji sun gani. Yarinyar nan ta rantse ba za ta sake haihuwa a asibiti ba, ko da mutuwa za ta yi a ɗaki.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai an rufe fuska. Haba! Wannan dabara ta Legas ce, inda maƙwabci bai san maƙwabci ba. A Kurfi kuwa, ana gane mace da zanenta, ana gane namiji da babur ɗinsa. Za a ce don ilimi aka yi. Wane ilimi ne mai sayar da katin waya zai samu daga hoton mace a kan gadon haihuwa? Ilimi yana da aji, yana da malami, yana da ƙa'ida. Za a kuma ce ai ta yarda. Wadda ke naƙuda, tana ganin rayuwarta a hannunka, ina ta ga bakin cewa a'a?

Kada wani ya ɗauka ra'ayin ɗan sashen Hausa ne kurum. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi ciwon mutum, da maganin da aka yi masa, da zamansa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu ko na doka, ko kuwa idan ɓoye shi zai jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Alkawarin Janiba na likitocin duniya, wanda aka tsara a 1948 aka kuma sabunta a 2017, ya ɗora wa likita riƙe sirrin majiyyaci har bayan mutuwarsa. Kafin duk waɗannan, kakanninmu sun riga sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Laifi na biyu ya ma fi wannan haɗari, watau ba da fatawar magani a waya. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu da dama, alhali ba Ebolar ce ta taɓa su ba. A watan Yuli na 2020 kuma, Dokta Stella Immanuel, wadda ta yi karatun likita a Jami'ar Kalaba, ta tsaya da farar riga a Washinton tana cewa an samu maganin korona. Kafin Facebook da Twitter su goge bidiyon, miliyoyin mutane sun riga sun gani. Mu 'yan Arewa kuwa ba sai an koya mana illar jita-jita ba, domin ita ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa. Wancan lokaci babu WhatsApp. Yau fa, da ɗalibin da bai gama aji uku ba zai rataya abin awon ƙirji a wuya ya hau TikTok yana rubuta wa duniya magani?

Ban ce ma'aikatan lafiya su bar waɗannan kafofi ba. Idan suka bar su, masu tallar maganin ƙarfi da na basir a bayan mota ne za su gaje fagen. Ku shiga, ku gaya wa iyayenmu da Hausa mai daɗi alamomin mashaƙo da na sanƙarau, ku gaya wa mai ciki ranar awo. Amma abu uku nake roƙo. Waya ta zauna a aljihu muddin ana ɗakin majiyyata. Ɗalibi ya faɗi cewa shi ɗalibi ne. Wanda ya kawo ciwonsa ta waya kuwa, a ce masa ya zo asibiti a duba shi. Hukumomin makarantun koyon aikin lafiya su ma su hukunta mai laifi tun yana ɗalibi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwana masu farar riga, an ce wanzami ba ya son jarfa. Kafin ka danna hoton uwar wani, tuna cewa wata rana taka ce za ta kwanta a kan gadon nan, wani yaro na tsaye a kanta da waya. Allah ya sa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wassalam.