A Raɗa Musu Suna Kafin Ƙanƙara Ta Narke

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, da yawa daga cikinmu mun ɗauki darasin rarraba halittu a Bayoloji tamkar horo: a haddace sunayen Latin, a zuba su ranar jarrabawa, a manta. Mu a Ƙungiyar 'Yan Jarida muna ganin darasin ya wuce nan, kuma hujjarmu tana cikin daskararriyar ƙanƙarar da ta lulluɓe wasu sassan duniya.

A shekarar 2009, masana a Amurka sun sanar da wani sabon jinsin bakteriya da aka haƙo daga ƙanƙarar tsibirin Girinlan, a zurfin kusan kilomita 3. Ƙanƙarar ta kai shekara 120,000. Sai da aka kwashe kusan shekara guda ana ɗumama ƙwayoyin a hankali kafin suka farfaɗo suka fara hayayyafa, sannan aka raɗa musu suna Herminiimonas glaciei. A 2022 kuma, masanan ƙasar Sin suka bayyana cewa sun gano jinsuna 968 na ƙananan halittu a tsaunukan ƙanƙara 21 na yankin Tibet, kuma kusan kashi 98 cikin ɗari ba a taɓa saninsu ba.

Wannan raɗin suna yana da ƙa'ida. Ana gwada ƙwayoyin gadon sabuwar bakteriya da na danginta mafi kusa. Idan kamanninsu bai kai wajen kashi 95 cikin ɗari ba, ana ɗaukarta jinsi dabam. Sannan dole a ajiye samfurinta a ma'ajiyoyi biyu a ƙasashe daban-daban, domin kowane masani ya iya tabbatarwa.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da ba mu san ƙanƙara ba sai ta firji? Da ruwanmu. Ɗumamar yanayi tana narkar da ita, narkakken ruwan Tibet kuma yana gangarawa manyan kogunan da miliyoyin mutane ke sha. Wasu ƙwayoyin suna ɗauke da alamun iya haddasa cuta, wasu kuma suna samar da sinadaran da ke aiki cikin sanyi, masu amfani ga masana'antu. Idan ba a tantance su ba, yaya za a bambance mai cutarwa da mai amfani? Korona ta nuna mana cewa cuta ba ta neman biza. Lokaci kuma yana ƙurewa: hukumar UNESCO ta yi gargaɗi a 2022 cewa ƙanƙarar tsaunin Kilimanjaro na Tanzaniya za ta iya ƙarewa nan da 2050, kafin a gama sanin abin da ke cikinta.

Don haka muna roƙon malamanmu su riƙa fito mana da madubin duba ƙananan halittu, mu ga bakteriyar da ke mayar da madara kindirmo da idonmu. Mu kuma ɗalibai mu bar haddar aku, mu riƙa tambayar dalilin kowane suna. Rashin sani ya fi dare duhu.