Ƙaron Sudan: Ƙa'idar Kamfani Tana Isa Wurin Lebura Kuwa?

Duk mai shan lemon kwalba da wuya a ce bai taɓa shan ƙaron Sudan ba. Ƙasar ce ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙaron duniya, kuma ana ɗibarsa har a jihohin Sinnar da Blue Nile, yankin da garuruwan Hausawa irin su Mai Wurno suke.

Kamfanoni kamar Coca-Cola da Nestlé suna da rubutattun ƙa'idoji ga masu kawo musu kaya: ba aikin tilas, ba bautar da yara, ba danne haƙƙin lebura. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula hanyar. A Maris 2025, Reuters ta ruwaito cewa ana fasa-ƙwaurin ƙaro daga yankunan da dakarun RSF ke riƙe da su zuwa ƙasashe maƙwabta. Buhu na tsallaka iyaka, asalinsa ya ɓace, ƙa'idar ta tsaya a hannun dillali.

Mance na ƙasa ba sabon abu ba ne. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, gwamnati da kamfanin Ingila da manoma suka raba riba. Leburorin da ke cire audugar, da Hausawa a cikinsu, ba su samu kaso ba, kuma har yau jikokinsu da yawa suna zaune a kambo ba su da gona.

Musulunci ya hana sayen kayan ƙwace, ya hana cin gumin ɗan ƙwadago. Wajibi ne ɗan kasuwa Musulmi ya tambayi inda buhu ya fito, da abin da mai ɗiba ya samu, ko da kamfani bai tambaya ba. Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya.