Taurari na nuna gabas, amma ba sa nuna gida

A ƙauyukan Fakku da ke ƙaramar hukumar Kebbe, har zuwa ƙasar Tambuwal, dare kan riski makiyaya da masu itace da mafarauta a daji. Matsalar tsaro a karkarar Sakkwato ta ƙara musu wasu, wato mutanen da ke tserewa daga hannun 'yan bindiga cikin duhu. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bi taurari. Shawara ce mai asali, amma tana da iyaka.

Yankin Kebbe na kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraruwar arewa, wadda ba ta gusawa, tana ƙasa-ƙasa, kamar tsayin dunƙulen hannu a miƙe daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Bishiya ɗaya kan rufe ta. Hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kan shafe ta, gajimaren damina kuma ya rufe sama duka.

Sauran taurari tafiya suke, kimanin digiri 15 a kowace awa. Wanda ya sa Kaza da 'Ya'yanta a gaba tun magariba, kafin asuba sun karkatar da shi. Zara ma wani lokaci a yamma take fitowa, wani lokaci a gabas.

Ko an gane arewa, ba a gane inda ake ba. Sanin alƙibla ba ya amfani sai ga wanda ya san ta wane ɓangare garinsu ko titi yake.

A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck a Jamus sun nuna cewa idan rana ta ɓuya, mutum kan yi ta kewaye alhali yana zaton miƙewa yake. Saboda haka wanda ya ɓata, in ba ana bin sa ba, gara ya tsaya har gari ya waye. Ya saurari kiran sallah da carar zakara da haushin kare, sannan ya bi burtali ko rafi.

Wajibi ne dattawa da malaman makaranta su koya wa yara karatun sama tare da sanin ƙasa: dutse, kuka, fadama. Kowa kuma ya gaya wa na gida inda ya nufa kafin ya fita, domin masu nema su san inda za su fara.