Shehin Waya da Shehin Zaure

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an tashi daga zikiri a wata zawiya da ke Unguwar Rimi, wani saurayi ya tare ni da waya a hannu. Bidiyo ya nuna mini: mutum ne da ƙaton rawani, yana hawaye, yana cewa duk wanda ya kalli fuskarsa ya samu buɗi. Yaron ya ce, "Baba, don Allah wannan ya kai?"

Na ce masa ban sani ba, shi ma kuma waya ba za ta gaya masa ba.

Gardamar waye waliyyi ba baƙuwa ba ce a Kaduna. Mun ji ta tun Malam Abubakar Gumi yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello yana sukar ɗariƙu, Shehu Ɗahiru Bauchi yana kare su a nasa tafsirin. Amma ko a lokacin, mai neman wuridi sai ya taka ya je wurin muƙaddami, a san ɗan gidan wa ne, shi ma ya ji wa ya ba muƙaddamin izini.

A duba Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kusan shekara biyu ya yi yana bin kawunsa, Usmanu Binduri, yana kallon yadda yake ibada da yadda yake tsawatarwa kan ɓarna, har halin ya kama shi. Daga baya ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin zai wuce Makka, Shehu ya juyo gida, don bai nemi izinin mahaifinsa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, duk girman da yake ba Malam Jibrilu, ya saɓa masa a rubuce kan kafirta mai babban zunubi. Muridin yau ina zai iya? An riga an tsorata shi cewa tambaya ɗaya tana zare albarka.

Ko fairar Shehu Ibrahim Inyass ba da jin labari kawai ta kafu ba. Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a Hajjin 1937, amma malamai irin su Atiku Sanka da Tijjani Usman Zangon Barebari sai da suka je Kaulaha wurin Shehun da ƙafarsu, alhali su ma masu zaure ne da almajirai.

Ma'arifa a zuciya take, ni da kai ba mu da ma'auninta. Abin da ido ke iya gani shi ne sallar jam'i, da biyan bashi, da shaidar maƙwabta, da yadda fuskar malam ke yi idan talaka ya zo hannu rabbana. Shi ya sa na ce wa yaron ya je ya zauna a zauren mutumin ko da wata uku ne, ya kuma tambaye shi silsilarsa.

Ya ɗan yi shiru yana latsa waya. Can ya ce lambar asusun banki ce kawai a ƙarƙashin bidiyon, babu adireshin zaure.