Zuwa ga Maƙera da Masu Walda na Panteka



Duk sanda aka ce wani kamfanin mota zai kafa masana'anta a ƙasar nan, sai hira ta koma kan wa za a ɗauka aiki, wa ya san wa. Ina roƙonku ku hangi abin da ya fi wannan.

Lissafi ne ke kawo kamfani. Haɗaɗɗiyar mota tana cin wuri a jirgin ruwa, kwastan su lafta mata haraji, canji ya motsa, farashi ya ɓaci. A 1981 Japan ta yarda ta taƙaita motocin da take aikawa Amurka, a 1982 sai ga Honda tana ƙera Accord a jihar Ohayo. Nan gida ma tsarin gwamnati na 2013 ya kai harajin shigo da haɗaɗɗiyar mota kashi 70 cikin ɗari, ya sassauta wa mai kawo sassa ya haɗa a nan.

To amma haɗawa daban, ƙerawa daban. Peugeot ta fara fitar da mota a Kakuri a 1975, ga Steyr a Bauchi, ga Fiat a Kano. Galibin sassan a akwatuna suke zuwa daga Turai. Da naira ta faɗi daga 1986, tsada ta shaƙe kamfanonin, 'yan Kwatano suka mamaye kasuwa.

Masana'antar da ke zama da gindinta ita ce mai samun salansa da ƙarfen kujera da tankin mai a kusa da ƙofarta. Nan rabonku yake. Na sha ganin ɗayanku ya juya tsohuwar salansa a hannu, ya auna da ido, ya lanƙwasa bututu, kafin la'asar ta zauna a mota daram. Gwaninta ce ta gaske, ina alfahari da ita. Sai dai shi kamfani salansa dubu yake so, kowace sak 'yar'uwarta, ramin noti bai goce ko da milimita ɗaya ba, kuma a ranar da aka yi alkawari.

Don haka ku sayi ma'auni na ƙwarai, ku koya wa yaran shago karanta zanen injiniya kafin ku damƙa musu wuta. Ku haɗu ku yi rajistar kamfani, domin masana'anta ba ta ba da kwangila ga wanda ba shi da takarda da asusun banki. Sannan ku zaɓi abu guda, ko da maƙalin batir ne, ku kai samfurinsa ga masu haɗa Peugeot a hanyar Abuja, ku nemi a gwada shi.

Allah ya yi wa sana'a albarka.